Baba Ko Galura: Wanne Ya Kamata Sabon Marini Ya Kama?

Duk wanda ya tara ɗan jari yana son shiga sana'ar rini a yau, ko telan da ya gaji da sayen rinannen yadi yana son ya riƙa ba da nasa aikin, tambayar da za ta fara tare masa hanya ita ce da me zai rina. Da baba irin na kaka da kakanni, ko da galurar da ake auna wa mutum a kasuwa a ƙulle masa a leda? Ga kuma wata hanya ta uku da ake ta yayatawa a intanet, wato launin da ƙananan ƙwayoyin halitta ke haɗawa a ɗakunan bincike na Turai da Amurka. Masu tallar kayan gargajiya za su ce maka baba lafiya ne zalla, galura kuwa guba ce. Masu sayar da galura su ce baba ɓata lokaci ne, sana'ar tsofaffi. Kowannensu ya faɗi rabin gaskiya ya danne rabi.

Inda na tsaya shi ne, launin kansa ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne da me aka narkar da shi, sannan ina ruwan ya tafi bayan an gama. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai iya yi wa kansa zaɓi ba tare da an ruɗe shi da daɗin baki ba.

A fara da shuni, tunda a kansa ne gardamar ta fi zafi. Shunin da ake samu daga ganyen baba da wanda ake haɗawa a masana'anta, a wurin masana sinadarai abu ɗaya ne. Wani Bajamushe mai suna Adolf von Baeyer ne ya gano yadda ake haɗa shi ba tare da ganye ba, kamfanin BASF kuma ya fito da shi kasuwa a 1897. Cikin shekaru ƙalilan noman baba a Indiya, wanda da shi ne ke ciyar da masaƙun Ingila, ya durƙushe. Bambancin yana wurin asali: na masana'anta daga sinadaran man fetur ake haɗa shi, cikinsu har da anilin, wanda guba ne ga mutum da kifi, kuma ɗan ragowarsa kan maƙale a cikin garin. Na ganye kuwa yakan zo da wasu 'yan'uwansa, kamar wani jan launi da ke ba tsohon rinin baba wannan ɗan jaja-jajan da ke leƙowa idan rana ta haska shi.

Shuni, na ganye ko na kanti, ba ya narkewa a ruwa. Ka zuba shi ka dama har hannunka ya gaji, sai dai ya kwanta a ƙasa. Kafin ya shiga zare sai an raba ruwan da iskar da ke cikinsa, an kuma sa shi ya yi kaifi irin na ruwan toka. A nan ne hanyoyin suka rabu.

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, ƙwayoyin halitta ne ke wannan aikin. Ana cika rijiyar rini da ruwa, a zuba toka da katsi, a zuba busasshen baba, a riƙa motsawa da doguwar sanda ana rufewa. Ruɓa take yi a hankali, kamar yadda kalwa ke ruɓa kafin ta zama daddawa, kuma kamar daddawar, hanci ne ke fara sanar da kai aiki ya kankama. Marini ba shi da na'urar awo. Kumfar da ta taso yake dubawa, ko ta yi shuɗi mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, ya duba ruwan da ke ƙarƙashinta ko ya koma kore-kore, ya shafa tsakanin yatsunsa ya ji santsinsa. Idan ta nuna, sai ya tsoma farin yadi, ya murza shi a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya bari ya yi fantsama ba, ya ɗago. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka an yi ɓarna, don yadin fitowa yake yi rawaya-rawaya mai kore. Kafin ka gama mamaki iska ta buge shi, ya fara juyewa a gabanka daga gefe zuwa tsakiya har ya zama shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa. Yawan tsomawar ne ke raba shuɗi mai haske da wanda ya yi duhu har ya kusa baƙi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kusan ba a zubar da komai. Idan rijiya ta mutu, ana kwashe laka da ta kwanta a ƙasanta, a cuccura, a shanya, a ƙona. Shi ne katsin da za a zuba a sabuwar rijiya, shi ne kuma ake haɗa laso da shi a shafe bangon rijiyar don kada ta yi yoyo. Shi kansa baba dangin wake ne, yana ƙara wa gona ƙarfi maimakon ya tsotse ta. Ruwan dai yana da kaifi, yana busar da fata, shi ya sa marina da yawa yanzu suke sa safar hannu ta roba, amma ba irin kaifin da zai sale maka hannu ba ne.

To amma fa wannan kyan yana da tsada. Rijiya sai ta ɗauki makonni kafin ta nuna, kuma tana iya ƙin nuna ko ta lalace a tsakiyar aiki, musamman lokacin sanyin hunturu da ƙwayoyin ke yin kasala. Gane halinta ba abin da ake koya a bitar mako biyu ba ne, sai an zauna gaban malami. Launi kuwa ɗaya ne tak: shuɗi, daga mai haske zuwa mai duhu. Idan amarya ta aiko da anko tana son ruwan hoda, marinin baba sai dai ya ba ta haƙuri. Sannan shunin da ke cikin ganye ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai an tara ganye tuli kafin a sami abin kirki. Masana'antun wandon jins na duniya suna shan dubun-dubatar tan na shuni kowace shekara, wanda in da gona za a nome shi, da ya cinye filayen da ake noman abinci. Don haka masu cewa duniya duka ta koma baba, magana ce ta fatar baki.

Mai galura kuwa abin da rijiya ke yi a makonni shi cikin 'yan mintoci yake gama shi. Ya tafasa ruwa a rabin duro, ya zuba soda mai ƙuna, ya zuba wani farin garin sinadari da ake kira haidiro, ya zuba garin launi, shi ke nan. Haidiron ne ke korar iskar da ƙarfin tsiya, sodar kuma ta tsaya a madadin toka. Da safe ya karɓi aiki, da la'asar mai kaya ya zo ya ɗauka. Kuma ba shi da iyaka a launi. Tun daga 1856 da wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya yi kiciɓis da launin farko irin na masana'anta yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, masana'antu ba su daina ƙirƙiro sababbi ba. A 1901 aka fito da irin waɗanda ake narkarwa da haidiro kamar shuni amma sun fi shi jure wanki da rana, a 1956 kuma kamfanin ICI na Ingila ya fito da waɗanda ke ƙulluwa da zaren auduga kai tsaye, ana amfani da gishiri da wata soda marar ƙuna sosai. Shaddar galila da matan Bamako ke rinawa, wadda ake rububinta a Kantin Kwari da kasuwannin Maraɗi da Damagaram, da galura ake yin ta. Wanda ya ce ba ta da kyau bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai a kalli hannun mai wannan aikin bayan 'yan shekaru. Soda mai ƙuna tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido kuma yana iya makantarwa. Idan za a haɗa ta, ita ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, don zafin da take fitarwa kan sa ta yi tsartuwa ta fantsamo fuska. Haidiro idan ya haɗu da ruwan zafi yana tayar da wani wari mai shaƙe maƙogwaro, wanda masu asma ba sa iya zama kusa da shi, idan kuma buhunsa ya sha danshi a ɗaki yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. Garin launin ma shaƙarsa kullum kan jawo ciwon ƙirji. Duk wannan a masana'anta mai tsari ana iya kiyaye shi. A tsakar gida, inda yara ke rarrafe ga kuma tukunyar tuwo a gefe, ba haka abin yake ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Wasu launuka daga dangin da ake kira azo, idan suka daɗe suna haɗuwa da gumi da ƙwayoyin da ke fatar mutum, sukan saki sinadaran da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta mafitsara. Jamus ta fara hana su a 1994, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002, ta sa iyakar miligiram 30 a kowane kilo na yadin da zai taɓa fata. Ba duk azo ne ke da wannan illar ba, mafi yawansu ma ba su da ita. Matsalar ita ce ƙullin ledar da aka auna maka ba shi da suna, ba shi da takarda, mai sayarwar ma launin kawai ya sani. Kai da shi duka a duhu kuke.

Ruwan da aka gama da shi kuwa, nan ne gizo ke saƙa. Kaso mai yawa na galura ba ya kama yadi, yana bin ruwan ɗauraya ya tafi tare da gishiri da soda da ragowar haidiro. Ragowar nan tana cinye iskar da kifi ke shaƙa, tana kuma cin siminti, har kwatar ma lalacewa take yi. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sun san yadda ruwan masana'antun fata da na yadi daga Bompai, Sharaɗa da Challawa ya yi wa kogin Jakara da na Challawa, kuma sun san da ruwan nan ake ban ruwan wasu lambunan. Ƙaramin marini zai ce nawa ɗan bokiti ne. Bokiti ɗari a unguwa ɗaya kullum, ga rijiyoyin sha ba su da zurfi, ai ya wuce a kira shi ɗan bokiti.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga itace shi ke nan an tsira. Baba ya yi sa'a ne don ba ya bukatar abin da zai riƙe shi a jikin zare. Sauran launukan daji galibi suna bukata. Muna da su da dama: saiwar rawaya da gangamau don ɗorawa, karan dafi da dukawa ke jan fata da shi, bagaruwa da ake haɗawa da tsatsar ƙarfe a sami baƙi, ganyen marke wanda mutanen Mali ke jiƙa yadi da shi kafin su zana masa ruɓaɓɓiyar laka. Idan alam aka sa don launin ya kama, ko bagaruwa, ko ɗan ƙarfe, da sauƙi. Amma akwai littattafan koyar da rini da har yanzu suke cewa a sa sinadaran wani ƙarfe da ake kira kurom, ko na jan ƙarfe ko kuza, don launi ya yi haske, alhali kurom ɗin ya fi galura da dama haɗari. Sannan wasunsu ba sa jure rana. Gangamau, duk kyansa ranar farko, 'yan shanya kaɗan zai koɗe. Wanda zai gina sana'a a kansu ya fara rina ƙyalle, ya rufe rabinsa, ya ajiye a rana na 'yan makonni, ya ga abin da ya rage kafin ya karɓi kuɗin mutane.

Hanya ta uku ba zan daɗe a kanta ba, don ba ta iso kasuwarmu ba. Kamfanin Colorifix da ke Norwich a Ingila, wanda aka kafa a 2016, yana ɗauko tsarin halittar da ke ba wani tsiro ko ƙwaro launinsa, ya dasa wa ƙananan ƙwayoyi, ya ciyar da su sukari, su kuma su haɗa launin su ajiye shi a jikin yadi. Kamfanonin Pili a Faransa da Huue a Amurka su ma sun haɗa shuni ta irin wannan hanyar ba tare da man fetur ba.  Duk waɗannan suna bukatar manyan tankuna da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da ya kamata marini ya lura da shi kawai shi ne, bayan fiye da shekara ɗari, masu kuɗin duniya sun dawo suna zuba jari a ruɓar da ƙwayoyi, kuma masu sayen kaya a can sun fara tambayar yadda aka rina abin da za su sa.

Akwai wata hanya a tsakiya da ban cika jin ana maganarta a wajenmu ba, kuma ita zan fi nuna wa wanda ba shi da rijiya ba shi da malami. Wani masanin rini Bafaranshe, Michel Garcia, ya yaɗa haɗin da ake kira ɗaya-biyu-uku: awo ɗaya na garin shuni, biyu na ƙonannen farin dutse da aka jiƙa, uku na sukarin 'ya'yan itace. Sukarin ne ke tsayawa a madadin haidiro. Ana iya samun irin aikinsa daga ruwan dafaffen dabino, ko ayabar da ta nuna ta wuce, ko ma garin lalle. A robar fenti babba ake haɗawa da ruwan ɗumi, a dama, a bari ya kwanta, cikin yini ɗaya ko washegari an fara rini. A kula, ba kowace farar ƙasa ce ke yi ba. Wadda ake haƙowa a shafa wa ɗaki ba ta da kaifin, sai wadda aka ƙona, ita kuma tana son safar hannu da kiyaye ido. Ba ya kai tsohuwar rijiya zurfin launi da sauri, kuma laka na taruwa a ƙasa sai an sa kwando ko raga don kada yadi ya taɓa ta. Amma babu warin da ke shaƙe mutum, ruwansa kuma in aka kaɗa masa iska aka rage masa kaifi, ba abin fargaba ba ne. Ko da shunin kanti aka yi amfani, an riga an kawar da soda mai ƙuna da haidiro, waɗanda su ne suka fi cutar da mai aikin.

Kafin duk wannan ma, a duba yadin. Baba auduga yake so, da siliki da ulu. Yadin roba ba ya shansa, sai wata galura ta musamman da zafin da ya kai digiri 130 a tukunya mai matsi. Kasuwa kuma yanzu cike take da yadin da aka cakuɗa. Ka zare ɗan zare ka kusantar da ashana: auduga za ta ci da wuta ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa za ta naɗe ta narke ta bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Mutane da yawa sun zagi marini a kan laifin da na yadi ne.

Haka batun zuba. Ana yawan cewa in shuɗi ya shafi jiki to jabu ne. Ba haka ba ne. Turkuɗin Kura da rawanin ɗan Kura, waɗanda Buzayen Agadas suka daɗe suna saya da tsada, da gangan masu bugu ke dukansu da ƙarin garin shuni har su yi ƙyalli, kuma shafar fatar da suke yi ado ne a wurin masu su. Zuba ba ta raba na ganye da na kanti, ido ma da ƙyar yake rabawa. Ba kowane shuɗin da aka shimfiɗa a bakin marina ba ne ya fito daga rijiya, don haka mai saye ya tambaya kai tsaye, in da hali ya ga inda aka tsoma.

To wa ya kamata ya kama wanne? Idan kasuwarka ta anko ce da kayan makaranta da shadda kala-kala, kada ka yaudari kanka, galura za ka yi. Amma ka saye ta a gwangwani ko buhu mai suna da lambar kamfani, ka nemi wadda ke ɗauke da shaidar gwaji irin ta OEKO-TEX ko GOTS, domin su ma ba su haramta galura ba, masu guba suka ware. Ka fifita irin da ake kamawa da gishiri a kan irin haidiro inda aikin ya yarda. Ka fitar da duro daga tsakar gida. Ka gina ramuka biyu ko uku a jere masu siminti inda ruwa zai kwanta, ka sa masa alam ya tattara launin ƙasa, ka tace ta yashi da gawayi, lakar kuma ka busar ka ajiye nesa da rijiya da gona. Wannan ba zai mai da ruwan tas ba, rage mugunta ne, amma kuɗinsa dole ya shiga lissafin jari tun ranar farko.

Idan kuwa kana da haƙurin koyo, kuma za ka iya kaiwa ga masu sayen da ke biyan aikin hannu, a Abuja ne ko Legas ko ƙetare, baba ya fi maka, don a nan ba ka gasa da kwantenar da ta taso daga Sin. Marinan Tokushima a Japan har yau da ruɓaɓɓen ganye da ruwan toka suke aiki, kuma tsadar kayansu ba ta hana a saya ba, saboda suna iya nuna wa mai saye gonar da ganyen ya fito. Abin da ya fi kayar da masu wannan hanyar a wajenmu shi ne rashin ganyen, don manoman baba sun yi ƙaranci. Tun kafin ka haƙa rami ko ka sayi roba, ka nemi manomi ku yi magana gabanin damina, ka ba shi kafin alƙalami ya ware maka kadada ko rabinta, ku kuma daidaita wa zai yanka, wa zai shanya, da farashin buhu idan kaka ta yi.